Shuni a Bakin Fanka

Wai yanzu mutumin da dalma ba ta taɓa ƙona masa yatsa ba shi ake kira injiniya. Ya sa riga mai rubutu a baya, ya maƙale waya a kunne, ya soka wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ita ta gaya masa abin da ke damun motar, shi kuma ya juyo ya gaya maka yana wani ɗaga hanci kamar shi ya gano. Ka ce masa ya kasa kunne ya saurari injin, sai ya dube ka kamar ka ce ya yi maka bugun ƙasa. Kalmar gyara ma ta fita daga bakinsu, sai dai "a canja". Lagireto ya yi ɗigo, a canja. Fanka ta yi kuka, a canja. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata da ƙarfina a kan lagireto na daɗe da jan bakina na yi shiru, don magana da su ɓata yawu ne. Abin da ya tono min wannan zancen wata mota ce da na ɗauka tuni an narkar da ita an yi tukwane.

Rumfar maigidana tana wani lungu ne a gindin Goron Dutse, rumfar kwano da ta sha hayaƙi har ta koma baƙa. Asalinsu mutanen Barno ne, kakanninsa maƙeran tagulla, butoci da tasoshi suke yi, da motoci suka yawaita a gari sai shi ya juya hannunsa kan lagireto. Kafin rana ta ɗaga mun share rumfa, mun ɗebo ruwa daga rijiyar masallaci mun cika rabin duro, mun hura gawayi. Daga nan sai ƙara ta tashi, kuma kowace ƙara mun san mai ita: fuu-fuu na zugazugi, cuu na ƙarfen liƙi in ya taɓa dalma, ƙwal-ƙwal na ƙaramar guduma a kan falle, can baya kuma kukan jakai masu kawo itace da muryar mai tallan koko. In an kawo lagireto mai yoyo, mu toshe bakunansa da totuwar masara, mu nutsa shi a duro, ni in dinga ba shi iska da famfon keke, maigida ya tsuguna yana jiran inda kumfa za ta ɓullo. Yana iya yin rabin awa a tsugune. Yanzu wa zai tsuguna? Wandonsu ma ba zai yarda ba. Garin kwaki za su ɗura wa lagireto ya toshe ramin, ya toshe har inda ba rami, mai mota ya tafi yana zuba godiya.

Maigida ba mai yawan magana ba ne, kuma 'yan maganganun nasa ba sa canjawa. In ya ga kana gaggawa sai ya ce, "Motar ta gaya maka tana da alƙawari ne?" In ya ga ka lafta dalma mai kauri don ka rufe aikin banza, sai ya ce, "Ni ka ɓoye min. Ruwan fa?" Ban taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu ba, kuma a lokacin ina ɗaukar hakan sanyi ne, don maƙotanmu makanikai da bulalar fambel suke koyar da sana'a, kana jin ihun daga rumfarmu. Na yi shekaru a hannunsa, gemu ya fara tsiro min, hannuna ya faɗa, har masu kawo aiki suna cewa a ba wa dogon nan. Kaina kuwa ya kumbura, ba na musu.

Ana nan sai wani Alhaji mai fataucin fatu da ƙiraga a Yakasai ya sayi mota a hannun wani Bature da zai koma gida. Ba irin motar da gari ya saba gani ba ce. Koriya ce shar, kujera biyu tak, ba rufi sai tamfol da ake naɗewa, hancinta ya fi rabin jikinta, tayoyinta da wayoyi irin na keke, ga ta a ƙasa har in Alhaji zai zauna sai ya tattare babbar rigarsa ya ɗora a cinya. In ta hau titin Zariya ba abin da ke kamo ta. Amma da ta shigo Ƙofar Ɗan Agundi ta faɗa lungu, ta bi bayan jaki da mai kura tana rarrafe, sai allurar zafi ta miƙe, ruwa ya tafasa, tururi ya turnuƙe. Sau biyu tana yi masa haka a gaban jama'a ranar Juma'a, yara suna ihu wai shayin Alhaji ya dahu. Ya zaga makanikai, kowa da irin haukarsa. Wani ya ce a cire bonet gaba ɗaya ta sha iska, wani ya ce a dinga zuba mata ruwan randa, wani ya ce sammu ne.

Da aka turo ta rumfarmu, maigida ya sa aka tayar da ita, ya yagi takardar buhun siminti kamar tafin hannu, ya kara a gaban lagireto ya saki. Takardar ta sulale ƙasa.

"Alhaji, fankarka wahalar banza take sha," ya ce. "Iskar gefe take juyawa, ba ta jawo ta ta cikin lagireto. A titi gudu ne ke ba ta iska. A cikin gari kuwa sai an yi wa fankar riga."

"Riga kuma, Malam? Ɗinki za ka yi mata?"

"Kusan haka."

Rigar fanka ba wani abin mamaki ba ce a ido. Fallen tagulla ne ake bugawa ya rufe bayan lagireto kaf, a bar masa zagayayyen baki a tsakiya inda fanka za ta juya, ta yadda iska ba ta da hanyar isa ga fankar sai ta ratso ta cikin lagireto. Ɗaura ta shi ne aikin. Kunnuwanta a jikin ƙarfen gefe ake kama su da noti, a sa robar tsohuwar taya a tsakani. Ba a kusantar saƙar tsakiya inda siraran jijiyoyin ruwa suke, don waɗannan farce ma yana iya huda su. A bi gefunan da siririyar fata daga wurin dukawa don kada iska ta saci hanya. Fukafukan fanka rabi a ciki, rabi a waje. Sannan babbar doka: tsakanin bakin fiffike da bakin riga a bar faɗin yatsa. Maigida yakan ce, "Inji rawa yake yi, lagireto a tsaye yake. Ka bar musu filin da ba za su yi faɗa ba." Kuma a rumfarmu ba a yarda da ido. In an gama ɗauri sai a jiƙa shuni irin na marina a shafa a bakin kowane fiffike, mutum ɗaya ya sa gora yana girgiza injin dama da hagu, ɗaya yana juya fankar da hannu. In shuɗi ya taɓa rigar ko ɗis, a kwance a sake.

Ni maigida ya ba wa aikin, kuma shi ne na farko da zan yi ni kaɗai daga yanka har ɗauri. Kwana huɗu ina bugun tagulla. Na goge ta da toka da lemon tsami har kana ganin haƙoranka a ciki. Da na zo fitar da bakin sai na ga faɗin yatsa ya yi min muni, kamar wuyan rigar aro. Na ce a raina tsohon nan tsoro ne ke damunsa, in bakin ya matse ai iskar ta fi ƙarfi. Na bar abin da bai fi kaurin tsinken ashana biyu ba. Na ɗaura, na juya fankar da hannu, ta wuce sumul. Shuni kuwa na dube shi, na dubi ƙyallin tagullata, na ce wallahi ba zan ɓata ta ba. A ranar, maigida jana'iza ya tafi, ya dawo bayan la'asar ya tarar da Alhaji a bakin rumfa yana ta duba agogo. Bai ko zauna ba ya ce min, "Ka shafa shuni?"

Na ce, "Na shafa."

Alhaji ya shiga ya murɗa makulli, ta tashi lafiya lau. Maigida ya kara takarda a gaba, takardar ta manne kamar an liƙa ta, 'yan kallo suka yi kabbara, ni kuwa ina ta baza haƙora. Daɗi ya kwashi Alhaji ya take totur har ƙasa. Injin ya karkata gefe, kamar yadda kowane inji yake yi, sai ƙarar da har yau ban manta da ita ba: ƙarrr, ƙwas! Fiffike ɗaya ya kama bakin rigar, ya lanƙwashe, ya shiga saƙar lagireto ya tsarge ta. Ruwan zafi ya yi feshi, 'yan kallo suka watse. Kafin a kashe motar, aikina na kwana huɗu ya koma tsohon gwangwani. Alhaji ya fito yana cewa lagireton irin motar nan babu shi a ƙasar nan kaf, a gaya masa laifin wane ɗan banza ne. Maigida ya matsa gaban motar. Ya sunkuya ya shafa bakin fiffiken da yatsa, ya ɗago yatsan ya duba. Fes, babu ko alamar shuɗi. Ya dube ni, kallo ɗaya. Sannan ya juya ya ce, "Alhaji, laifina ne. Ka ba ni kwana uku."

Jijiyoyi bakwai fiffiken ya yanka. Wani maƙoci ya leƙo ya ce a matse su kawai a kashe su, haka kowa yake yi. Maigida ya ce motar da ke fama da zafi ba a rage mata hanyar ruwa. Ya yanka siraran jan ƙarfe ya yi wa kowace jijiya faci, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfen liƙin da bai fi bakin alƙalami ba, idonsa na ruwa saboda hayaƙi. Ni ina zuga masa wuta ina jiran zagi, ina jiran mari, ina jiran ya ce in kwashi tsummokarana in ba shi wuri. Wallahi da ya dake ni da na fi samun sauƙi. Bai ɗaga maganar ba, a ranar ko bayanta, har ya koma ga Allah. Da ya gama, faci bakwai suka jeru a karkace kamar tsage a kumatu, ya miƙo min sabon falle da ƙullin shuni a takarda ya ce, "Sake." Na sake. Wannan riga ta biyu ita ta zauna a motar, kuma Alhaji ya yi shekaru yana ratsa lungunan Yakasai allurar ba ta ko motsa ba.

Ni abin da na ɗauka daga wannan ranar shi ne kuskure abin kunya ne, kuma na rantse ba za a sake yin sa a inda nake ba. Da na buɗe tawa rumfar aikina ya yi suna, har daga wasu garuruwa ana aiko min da lagireto a buhu. Amma ban yi dacen masu koyo ba. Iyaye su kawo min su, ni kuma in ga ba su da kai. Wannan ya ƙona tanki, na kore shi. Wancan ya bar noti a kwance, na kore shi. Ban san adadinsu ba, kuma ban taɓa waiwayar ko ɗaya ba, ina cewa sana'a ba ta ragwaye ba ce. Daga baya lagireton roba da alminiyam ya cika kasuwa, wanda ba a liƙewa sai dai a yar, hannuna kuma ya fara rawa har kofin shayi sai na riƙe da biyu. Na rufe rumfa. Yanzu mai cajin waya ne a wurin.

Watan jiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida sai ga wani matashi da gajeren wando, a gaban mutane, ya yi sallama yana jan Hausa kamar ta yi masa nauyi. Jikan Alhaji ne, ya tashi a Abuja ko a Turai, oho. Wai sun buɗe wani ɗaki a gidan gado sun tarar da motar kakansa a ƙarƙashin tabarmi, ya kai ta gareji an tashe ta, yana so ya dinga fita da ita ana ɗaukarsa hoto. Amma da ta shiga cunkoso sai ta ɗau zafi. Kakarsa, Hajiya, wadda har yanzu tana nan da ranta, ita ta ce masa kada ya bari a taɓa lagireton sai an nemo dogon nan na Goron Dutse.

Na ce, "Lagireton da ya yi shekara da shekaru a ajiye ai wanki kawai yake so. Rigar fankar tana nan dai? Ta tagulla."

"Au, wannan tsohon ƙarfen? Sun ce shi ne yake tare iska, sun cire. Ina jin 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun ɗauka. Amma kar ka damu, Baba, na yi odar sabuwa a waya."

Na yi salati. Rigar da ta girmi ubansa, wai ita ke tare iska! Na haɗiye wannan, don tawa ce, ta tafi ta tafi. Amma lagireton na maigida ne. Butocin gidansu sun ƙare, rumfarsa ta zama shago, 'ya'yansa ba wanda ya gaje shi. Facin nan bakwai su kaɗai suka rage a duniya da zan nuna in ce ga hannunsa. Na ce wa jikan Alhaji ya kai ni yanzu-yanzu. Na shiga ɗaki na sa hula, na buɗe tsohon akwatin kayan aikina na jefa ƙullin shuni a aljihu.

Garejin yana bayan ganuwa, an shafe ƙasansa da tayil kamar asibiti, ga talabijin, ga kujerun jira, ko ƙanshin gawayi babu. Motar tana tsakiya, koriyarta ta dushe amma ita ce. Na leƙa cikin bonet. Sabuwar rigar ta baƙar roba ce, ta wata motar ce ma daban, an yanke ta da zarto an cusa. Ba kunne, ba noti. Abin da suka yi shi ne suka ɗauko 'yan igiyoyin roban nan masu haƙora, waɗanda in ka ja ba sa komawa, suka soka su ta tsakiyar saƙar lagireton daga gaba zuwa baya, kusurwa huɗu, suka ɗaure tamau. Da safiyar ranar suka yi, ba su jira kowa ba. A ƙarƙashin motar ruwa ne ke ɗiga a kan tayil, ɗis, ɗis. Na sa tabarau na bi saƙar da yatsa. Facin maigida bakwai suna nan a bushe ƙamas, ko gumi ba su yi ba. Ruwan daga sababbin ramuka yake fita.

Na buɗe baki ban rage komai ba. Na ce mahauta ma sun fi su sanin inda ake sa wuƙa. Na ce wanda ya yi wannan aikin ko amalanke bai kamata a ba shi ya gyara ba. Na ce a kira min jakin da ke da wurin nan in ga fuskarsa. Sai wani mutum mai furfura a gemu, da ɗan tumbinsa, ya fito daga ofis, ya durƙusa har ƙasa a kan tayil ɗin ya gaishe ni.

"Baba, ba ka gane ni ba."

"Ina zan gane ka? Wa ya koya maka aiki?"

"Kai ne, Baba. Wata biyar na yi a rumfarka. Ranar da sukudireba ya kuɓuce min na huda jijiya ɗaya, ka wurgo min takalmana waje." Sannan ya ƙara, ba da gatse ba, wannan ne ma ya fi ciwo: "Ɗaurin riga ba mu kai wurin ba. A waya na ga ana yin haka."

Na tuna shi. Sunan ya ɓace min, amma na tuna wani siririn bahago da ba ya ɗaga kai in yana aiki.

Jikan Alhaji da ya ga ruwa a ƙasa sai ya fara ɗaga murya, rabi da Turanci, yana cewa zai kwashe motarsa, zai sa garejin a waya duniya ta gani, lagireton nan babu irinsa. Ya juyo kaina ya ce, "Baba, kai ka san aikin nan. Tsakani da Allah, laifin wa ne?" Mai garejin yana durƙushe bai tashi ba, ma'aikatansa sun tsaya cirko-cirko suna kallonsa. Amsar na san ta, a kan wannan lagireton na taɓa jin ta. Sai da na yi gyaran murya sau biyu kafin ta fito, don ba ta saba da bakina ba.

"Laifina ne. Ka ba mu kwana uku."

Na ce a kawo gawayi da dalma. Gareji guda, mai talabijin, babu gawayi! Sai wurin mai tsire aka aika. Ƙarfen liƙi kuwa daga gidana aka ɗauko. Na ɗaga shi, hannuna ya yi ta rawa har dalmar ta zube a kan tayil, kowa ya kau da kai. Na miƙa wa mai garejin. Kwana ukun suka zama mako. Ni ina kan kujerar roba ina yi masa masifa, shi yana tsugune da tumbinsa yana faci, ashe wandon yana yarda in an matsa masa. Robar nan tasu na sa aka jefar, muka samo fallen tagulla a kasuwa da ƙyar, shi ya yanka, shi ya buga, shi ya kama kunnuwan a ƙarfen gefe. Da aka zo auna baki, yatsana ya kumbura ya karkace, da nasa muka auna. Ranar ƙarshe na zaro ƙullin shuni na miƙa masa. Ya juya shi a hannu, mutum mai furfura, ya ce, "Baba, wannan na mene ne?"

Na nuna masa. Shuɗi bai taɓa rigar ba. Aka tayar da mota, na kara takarda a gaba ta manne, jikan Alhaji ya ɗauki wannan ma a hoto. Facin mai garejin suna nan a gefen na maigida, in ba ni ba babu wanda zai bambance su. Hannunsa yana da kyau. Tun a rumfata ma yana da kyau. Ban gaya masa ba tukuna.